Jarrabawa a makarantun horar da sojoji: ta ina takarda take ɓulla, kuma CBT zai toshe ƙofar?

Sabon_Malami: Assalamu alaikum manya da 'yan'uwa. Ina neman ƙarin haske. Ana ta cewa makarantun horar da sojoji su ajiye takarda da biro su koma CBT, wato jarrabawa ta kwamfuta, kamar yadda JAMB ta koma gaba ɗaya a 2015, wai da zarar an yi haka batun satar amsa ya ƙare. Ni kuma gani nake kamar ba a ɗakin jarrabawa ɓarnar take farawa ba. Masu sani su faɗa mana: daga ranar da malami ya zauna tsara tambaya zuwa ranar da aka manna sakamako, a wane mataki ne takarda ta fi ɓulla? Kuma kwamfuta za ta toshe wannan ƙofar? Ba wata makaranta nake nufi ba, tsarin nake son ganewa.

Tsohon_Samanja: Wa alaikumus salam. Ɗana, ka dubi yadda ake fita da harsashi zuwa filin harbi. A ƙirga a ma'ajiya a sa hannu, a sake ƙirgawa a fili, in an gama a tsince kwanso a haɗa da wanda ba a harba ba, lissafi ya cika kafin kowa ya hau mota. Haka ya kamata a riƙe takardar jarrabawa. In ɗalibai 60 ne a buga 65, biyar na ko-ta-kwana. Kowace a rubuta mata lamba a kusurwa: 1 cikin 65, 2 cikin 65, har ƙarshe. A rajista a rubuta wane ɗalibi ya karɓi wace lamba. Bayan jarrabawa 65 ɗin za su dawo, har da biyar ɗin da ba a taɓa ba, kuma babu wanda zai tashi daga kujera sai an gama ƙirga. Makarantar da ba ta san kwafi nawa ta buga ba, ba za ta taɓa sanin ɗaya ya yi ƙafa ba.

Hajiya_Rajista: Baba Samanja ya kawo tushe, amma ƙirgar tana farawa tun kafin 65 ɗin nan su fito. Malam, amsar tambayarka ita ce ɗakin buga takardu.

Shafukan farko da inji ke fitarwa sukan zo a karkace ko tawada ba ta kama ba. Mai bugawa ya dunƙule ya jefa a kwando, mai shara ya kwashe da yamma, washegari takardar tana iya zama a hannun mai ƙosai a bakin bariki. Babu wanda ya yi niyyar cin amana, amma tambaya ta fita. Maganinsa shi ne a karanta mitar injin kafin a fara da bayan an gama. Takarda mai shafi 4, kwafi 65, shafi 260 ke nan. In mita ta nuna 267, dole a ga lalatattun shafuka bakwai a kan tebur, a rubuta su a rajista, a markaɗa ko a ƙona su a gaban shaida, mutum biyu su sa hannu.

Sai kuma injin Riso da makarantu da yawa ke amfani da shi. Yana yanka wata siririyar takarda ya naɗe ta a jikin gangar tawada, kuma shafin ƙarshe da aka buga yana nan manne har sai an sa wani aiki. Wanda ya shigo bayanku ya danna maɓalli, sai shafin ya fito masa fes. Tsofaffin da injin ya cire kuma suna taruwa a wani akwati a gefensa, ana iya warware su a karanta. Kafin a bar ɗakin a sa injin ya naɗe gangar da farar takarda, a kwashe abin da ke akwatin a ƙona. Manyan injinan fotokwafi ma suna ajiye hoton aikin da suka yi a cikinsu, sai a goge.

Mutum biyu kawai a ɗakin, waya a waje, ƙofa a kulle, kuma kada a buga da wuri. Kwana ɗaya ko biyu kafin jarrabawa ya isa.

Ɗan_Sigina: Tunda an ambaci CBT bari in sa baki. Kwamfuta tana rufe ƙofar da Hajiya ta bayyana, tana kuma cire hannun mai makin daga tambayoyin zaɓi. Amma tana buɗe nata ƙofofin. Babbar ita ce ƙarancin injina. Makaranta mai kwamfuta 40 da ɗalibai 200 dole ta yi rukuni biyar. Rukunin ƙarfe takwas ya fito, ya haɗu da na ƙarfe biyu a wurin cin abinci, an gama. In tambaya 50 ce, mutum goma kowa ya haddace biyar, sun kwashe jarrabawar duka ba tare da sun fita da ko ƙyallen takarda ba. Sauya jerin tambayoyi da jujjuya A, B, C, D yana hana leƙen allon maƙwabci ne kawai, ba ya hana wannan.

Garkuwa_77: To ai sai a killace su. Waɗanda suka gama su zauna a wani zaure da mai tsaro har rukunin ƙarshe ya shiga. A bariki wannan ba wuya ba ne, umarni ɗaya ne.

Ɗan_Sigina: Haka ne Oga, in za a gama a yini ɗaya. In ta kai kwana biyu killacewa ba ta yiwuwa, sai dai kowane rukuni ya sami nasa tambayoyin. Wannan kuwa ya dawo da mu kan girman rumbun tambayoyi, ba kan kwamfuta ba.

Sauran sharuɗɗan ɗakin: uwar garke, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da tambayoyi, kada ta taɓa intanet, kebul ne kawai tsakaninta da injinan ɗakin. A toshe ramukan filashi. Kowane jami'i da nasa sunan shiga, domin in mutum biyar suna amfani da kalmar sirri ɗaya, ranar da aka sauya maki ba za a san hannun wa ba ne. Kalmar buɗe jarrabawa a raba ta biyu, rabi wurin hafsan jarrabawa, rabi wurin babban malami. Sannan batir mai riƙe wuta aƙalla minti 15 kafin janareta ya tashi, kuma manhajar ta riƙa adana amsa bayan kowace tambaya. Ɗaukewar wuta a tsakiyar jarrabawa ita ce lokacin da ɗaki ke cika da magana.

Mai_Alli: Batun rumbu shi ne inda aikin yake, kuma shi aka fi gudu saboda yana cin lokaci. Ana farawa da jadawali: kowace manufar darasi a layi ɗaya, a gefenta yawan tambayoyin da za ta samu gwargwadon sa'o'in da aka ba ta. Kowace manufa a rubuta mata aƙalla tambaya uku masu nauyi ɗaya. Da haka za a fitar da takarda iri uku, A da B da C: ɗaya ta babbar rana, ɗaya ta masu maimaitawa da marasa lafiya, ɗaya a ajiye ba a taɓa ba don ranar da aka yi zargin ɓulla. Makarantar da takarda ɗaya gare ta, ko an kawo wa kwamanda labarin ta fita da daddare, ba shi da abin da zai sa a madadinta da safe, sai ya kau da kai.

Kuma malamin da ya koyar da darasi ya bayar da tambayoyi, amma kada ya san waɗanda aka zaɓa. Ba don ana zarginsa ba. Malami mai son ɗalibansa, in ya san tambaya ta bakwai kan gyaran bindiga in ta cije ce, a darasin bita muryarsa kaɗai za ta nuna wurin.

Baban_Kurata: Wannan ta ƙarshe gaskiya ce tsantsa. Yawancin abin da ake kira ɓulla ba da kuɗi aka saya ba. "Ku karanta shafi na 12 da kyau" ne. Kuma dalili a fili yake: ana auna malami da yawan waɗanda suka ci a ajinsa. Muddin sakamakon ɗalibi zai shiga rahoton shekara na malaminsa, kuma malamin ne ke riƙe da tambayoyi, an haɗa kura da akuya a ɗaki ɗaya.

Garkuwa_77: Ni dai har yanzu ina ganin hukunci ne ya yi sauƙi. A kori mutum biyu a gaban fareti, sauran za su shiga taitayinsu. Soja ba ɗan sakandare ba ne.

Lauyan_Bariki: Yallaɓai Garkuwa, an gwada tsanani a ƙasar nan. Bayan ɓullar takardun WAEC ta 1977, wadda har yau ake kira Expo 77, gwamnatin soja ta kafa Dokar Soja ta 20 a 1984, ta sa ɗaurin shekara 21 kan maguɗin jarrabawa. Bai hana ba. A 1999 aka yi sabuwar dokar maguɗin jarrabawa, aka sassauta shekarun, aka kuma fi ɗora nauyi kan malami da mai sa ido fiye da yaro ɗalibi. Soja kuma yana ƙarƙashin Dokar Rundunonin Soja, ana iya tuhumarsa da aikata abin da ke zubar da ɗa'a da tarbiyyar aiki. Doka ba ta yi ƙaranci ba. Abin da ke kashe shari'a shi ne yadda aka kama mutumin.

In mai sa ido ya ga takarda a hannun ɗalibi, kada ya yi ihu, kada ya yaga, kada ya kore shi waje. Ya kira mai sa ido na biyu ya gani da idonsa. A karɓi abin da aka samu da takardar amsar, a ja layi a ƙarƙashin inda ya tsaya, a rubuta lokaci, su biyu su sa hannu. A ba shi sabuwar takarda ya ƙarasa. Bayan an tashi kowa ya rubuta bayaninsa daban, har da ɗalibin, a ranar. A sa shaidar a ambulan a rufe. Sashe na 36 na tsarin mulki ya ba kowa haƙƙin a saurare shi, kuma kaki bai cire wannan ba. Wanda aka kora ba tare da an bi matakan nan ba yana iya dawowa ta kotu bayan shekaru, ya tarar da abokan kwas ɗinsa sun ga cewa ba a iya komai.

Mai_Taswira: Ƙari kan maganar Lauya. A West Point, makarantar horar da hafsoshin sojan ƙasa ta Amurka, dokar ɗalibai a rubuce take: ba ƙarya, ba cuta, ba sata, ba rufa wa mai yi asiri. Duk da haka a 1976 aka ba su aikin injiniyan lantarki su tafi da shi ɗaki su yi, sama da 150 suka bar makarantar a kan haɗa baki, har aka kafa kwamiti ƙarƙashin tsohon ɗan sama-jannati Frank Borman, daga baya aka mayar da da yawa daga cikinsu. A 2020, lokacin korona, aka yi jarrabawar lissafi ta intanet ɗalibai suna gida, aka tuhumi 73. Abin da ya tona su shi ne kuskure iri ɗaya a wuri ɗaya. Kun ga ta farko takarda ce, ta biyu kwamfuta ce, abin da ya haɗa su rashin mai sa ido.

Uwar_Maki: Kuskure iri ɗaya shi ne babban mai tona asiri, kuma ana iya nemansa da gangan. Mutum biyu su dace a amsa daidai ba abin mamaki ba ne. Amma su faɗi tambaya tara, kuma a cikin takwas su zaɓi harafin kuskure iri ɗaya, sai a duba taswirar zama a ga ina suka zauna. Shi ya sa ake ajiye taswirar zama tare da takardun amsa.

Ga yadda ake gane tambaya ta ɓulla ko da ba a kama kowa ba. Kowace tambaya a rumbu tana da tarihinta: kashi nawa suka ci ta a kwas ɗin baya. Tambayar da kwas uku a jere kashi 40 zuwa 50 ke cin ta, sai a kwas na huɗu kashi 95 suka ci, alhali malami bai sauya ba, darasi bai sauya ba, a cire ta. Hanya ta biyu: a jera ɗalibai bisa jimillar maki, a ɗauki kashi 27 na sama da kashi 27 na ƙasa. Tambaya mai lafiya na sama sun fi cin ta. In na ƙasa suka yi kunnen doki da na sama a tambaya mai wuya, ko dai amsar da ke hannun mai makin ba daidai ba ce, ko tambayar ta zaga ɗakin kwana. A nan CBT yana da amfani na gaske, domin yana rubuta daƙiƙa nawa mutum ya yi kan kowace tambaya. Lissafin da ke cin minti uku, wanda ya amsa shi daidai cikin daƙiƙa takwas ya san shi tun daga waje.

Sabon_Malami: Hajiya Uwar_Maki, na gode. To tsofaffin tambayoyin da manya ke bar wa na bayansu fa? Kowane kwas yana gadon irin wannan fayil. Shi ma sata ne?

Mai_Alli: Ya danganta da abin da makaranta ta faɗa a rubuce, kuma matsalar ita ce sau da yawa ba ta faɗi komai ba. A makarantar sojan ruwan Amurka da ke Annapolis, a Disamba 1992, takardar injiniyan lantarki ta shiga hannun ɗalibai kafin ranar jarrabawa. Bincike ya shafi sama da 130, aka kori 24. Wasu sun kare kansu da cewa sun ɗauka tsofaffin tambayoyi ne irin waɗanda aka saba yawo da su. Hanyar rufe wannan uzuri ita ce makaranta ta fitar da nata samfurin a fili, da hatiminta, ta ajiye a laburare, ta ce duk abin da ba shi da wannan hatimi haramun ne riƙe shi. Sannan kowane kwas a sauya aƙalla kashi ɗaya cikin uku na tambayoyin da ke aiki. Wanda ya dogara da fayil ɗin gado zai sha mamaki sau ɗaya, labari ya bazu.

Tsohon_Samanja: Kun tsallake ajiya. Bayan bugawa takardu su shiga ambulan, a manne, mutum biyu su sa hannu a kan bakin mannewar, a bi da salatif a kan sa hannun. Wannan ya shiga ambulan na biyu wanda ba a rubuta sunan darasi a bayansa ba, lamba kawai. Akwatin ƙarfe mai kwaɗo biyu, makulli ɗaya wurin hafsan jarrabawa, ɗaya wurin wani hafsa daban. Duk buɗewa a rubuta rana da lokaci da dalili. Takardar amsoshi ba ta kwana a akwati ɗaya da tambayoyi. Ranar jarrabawa a ɗaga ambulan a gaban aji, a kira ɗalibai biyu su duba ba a taɓa shi ba, su sa hannu, sannan a yanka ta ƙasa, a bar hatimin yadda yake don shaida.

Ɗan_Damagaram: Sannunku da aiki. A wajenmu Nijar, daga jarrabawar makarantun boko har gasar shiga aikin gwamnati, abin da aka fi ba ƙarfi shi ne sakaya suna. Ɗalibi ya rubuta sunansa a kusurwar takarda, a naɗe a manne ko a yanke, wani ofishi daban ya ba takardar lamba. Mai makin lamba yake gani, ya ba da maki bisa 20, ba a haɗa suna da maki sai a gaban kwamiti. A makarantar soja wannan ya fi muhimmanci, saboda malami yana kwana yana tashi da ɗaliban nan wata da watanni, ya san ɗan wane ne, ya san wanda ya taɓa ɓata masa rai.

Uwar_Maki: Daidai ne Malam. Sai dai a aji mai mutum 12 malami ya san rubutun hannun kowa, sakaya suna ba ta wadatar ba. Dole a yi makin na biyu: wani malami ya sake duba duk waɗanda suka faɗi, duk waɗanda ke tsakanin maki uku sama ko ƙasa da layin ci, biyar na sama, da ɗaya cikin goma na sauran. In bambancin masu makin biyu ya wuce maki biyar cikin ɗari, na uku ya shiga.

Kuma akwai ɓarnar da ba a cika magana a kanta ba: kwafe maki daga takarda zuwa babban jadawali. A nan 47 ke zama 74. Mutum ɗaya ya karanta da ƙarfi, na biyu ya rubuta da biro, su yi musaya su sake bi. Ba a shafa farin ruwan gogewa. In an yi kuskure a ja layi ɗaya yadda tsohon adadi zai karantu, a sa hannu a gefe. A soja matsayin da mutum ya fito da shi a kwas yana bin sa cikin fayil, don haka mai neman cuta ba dole ya nemi tambaya ba, magatakardan jadawali ya ishe shi.

Baban_Kurata: Duk maganar takarda kuke. A Depot ta Zariya, inda ake horar da kurata, ko makarantar sojan ƙasa ta Jaji, rabin abin da ake aunawa ba a kan tebur yake ba. CBT ba ya harba bindiga.

A filin harbi masu duba allo suna can cikin rami, masu harbi suna nan. Kada a raba layi sai masu ramin sun shiga an karɓe wayoyinsu, domin kada su san wa ke layi na shida. Rajistar rami lambar layi kawai take ɗauka, rajistar wurin harbi ita ke da suna, a haɗa su daga baya. A liƙe kowane huji kafin rukuni na gaba. In an ba mutum harsashi 10 aka sami huji 12 a allonsa, maƙwabcinsa ya harba masa, ko da kuskure ko da taimako, su biyun su sake. A karatun taswira a sauya wuraren tsayawa da alamominsu tsakanin rukuni da rukuni, in ba haka ba rukuni na uku sawun takalmi kawai zai bi a cikin ciyawa. A gudun gwajin ƙarfi a ba kowa lamba a ƙirji, a kuma miƙa masa alama a wurin juyawa wadda zai nuna a ƙarshe.

Kwance bindiga da haɗa ta kuwa da takardar matakai ake auna shi, kowane mataki ya yi ko bai yi ba. Matakan kariya ba su da rabin maki. Wanda bai cire gidan harsashi ya ja ya leƙa ciki ba kafin ya fara kwancewa ya faɗi nan take, ko da ya haɗa ta cikin rabin lokacin.

Garkuwa_77: Baba, a nan ba ni da ja. Zan ƙara da muƙami. A jarrabawar ƙarin girma ta hafsoshi, irin ta laftanar zuwa kyaftin ko kyaftin zuwa manjo, kada a sa mai sa ido wanda ya gaza masu rubutawa. Saje ba zai ce wa kyaftin ya juye aljihunsa ba. Babban mai sa ido ya fi kowa a ɗakin muƙami, kuma ya fito daga wata runduna. Mai sa ido ɗaya ga mutum 25 zuwa 30, aƙalla biyu a kowane ɗaki komai ƙanƙantarsa, ɗaya yana baya inda ba a ganin inda idonsa yake. Tazarar kujeru kamar mita ɗaya da rabi. A duba katin shaida da fuska a ƙofa, agogon hannu mai haɗe da waya ya tsaya waje tare da wayar.

Mai_Taswira: Akwai wani ɓangare da ya kamata a haɗa da maganar Baban_Kurata ta farko. A 2014, a sansanin sojan sama na Malmstrom da ke jihar Montana ta Amurka, an gano hafsoshin da ke kula da makamai masu linzami na nukiliya suna tura wa juna amsoshin gwajin wata-wata ta saƙon waya. Ba ma jarrabawar ake bincike ba, binciken ƙwaya ne ya kai ga wayoyin. Abin ya shafi hafsoshi sama da 90, aka cire kwamandoji tara. Makin ci 90 ne cikin 100, kuma mafi yawansu suna iya cin 90 ɗin da kansu. Abin da ya tura su shi ne an mayar da 100 ma'aunin ci gaba a aiki, mai 95 ana kallonsa kamar ya gaza. Daga baya rundunar ta mayar da gwajin ya zama an ci ko ba a ci ba kawai. Gwajin da aka yi don tabbatar da mutum ya iya aiki, in aka mayar da shi tsanin ƙarin girma, har gwanaye za su fara neman amsa.

Hajiya_Rajista: Shi ya sa tsarin maimaitawa yake cikin tsaron jarrabawa. Ɗalibin da ya san faɗuwa ɗaya tana nufin ya kwashe kayansa zai yi komai. A rubuta tun ranar farko, ya sa hannu: wanda ya faɗi za a zauna da shi a nuna masa manufofin da ya gaza, a ba shi darasin gyara a wajen lokacin aji, ya sake da takarda B bayan kwana ɗaya zuwa uku. In ya ci, makin ci mafi ƙaranci za a rubuta masa ko da ya sami 90, don kada ya tsallake wanda ya ci tun farko. In ya sake faɗi, kwamiti ya duba ko a mayar da shi kwas na baya. Wajen bita kuma a tattauna manufa, kada a mayar wa ɗalibai takardar tambaya, kada a bari su kwafa.

Ɗan_Sigina: Malam Sabon_Malami, in an tattara, CBT ya dace da ɓangaren sani: dokoki, sassan makami, alamomin taswira, ka'idojin sadarwa. Rubuta umarnin kai farmaki ko nazarin filin daga kuwa sai malami ya karanta da idonsa.

Mai_Alli: Ban yarda an tattara ba tukuna. Kurtun da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba, in ka zaunar da shi gaban allo, kwamfuta kake aunawa ba aikin soja ba. Sai an ba shi gwajin sabawa da kwamfuta aƙalla sau biyu kafin na gaske. Haka Turanci: tambaya mai "wanne ne ba" da doguwar jimla tana kayar da wanda ya san amsar sarai. Irin wannan ɗalibi shi ne ke juyawa ya tambayi na kusa da shi, ba don bai san bindigarsa ba.

Sabon_Malami: Allah ya saka da alheri, na ƙaru ƙwarai. Saura ɗaya. In da safe, minti 30 kafin a shiga, aka buɗe akwati aka ga salatif ɗin ambulan ya ɗago a gefe ɗaya, amma takardu 65 cif, me za a yi?

Tsohon_Samanja: Cikar lissafi ba ta wanke ta ba, waya tana ɗaukar hoto ta mayar. A ɗauke ta a matsayin ta ɓulla. Kada kowa ya sake taɓa ambulan ɗin, a sa shi cikin wani a rufe, a sanar da kwamanda a rubuce, a karɓe rajistar akwati da makullan biyu, a fito da takarda C.

Lauyan_Bariki: Kuma masu riƙe da makullan kada su shiga kwamitin binciken, ko da su suka kai rahoto.

Uwar_Maki: Baba Samanja, C ɗin fa in a akwati ɗaya ta kwana da A? Ni a ganina a ɗage zuwa gobe a haɗa sabuwa daga rumbu.

Tsohon_Samanja: Hajiya, in nata hatimin lafiya yake a yi da ita. Jadawalin kwas ba ya jira, gobe suna daji. Amma kin yi gaskiya, tun farko bai kamata su kwana wuri ɗaya ba, C a ofishin kwamanda ake ajiye ta.